Man giyar tsohon injin jirgin ruwa ya koma fari: ta ina ruwan ke shiga?

Ɗanlami: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masana. Ina da tsohon inji Johnson mai ƙarfin doki 10, ƙirar 1956. Kan injin lafiya lau, yana tashi ba gardama, amma ƙafar, wato ɓangaren ƙasa mai giyabos da farfela, ita ce ke shan ruwa. In na zuba sabon man giya na fita da shi, da na dawo na kwance sukurun ƙasa sai man ya fito fari-fari, wani lokaci ma ruwa zalla ne ke fara ɗigowa kafin mai ya biyo. Kuma in na jingine shi ya kwana, sai in tarar da wani baƙin abu mai danƙo yana ɗiga ta saman farfela. Wani ya ce in canza sil ɗin da ke bayan farfela, wato robar da ke hana mai fita da ruwa shiga, shi ke nan. Wani kuma ya ce in cika giyabos ɗin da giris in huta. Kafin in sa sifana ina so in ji ta bakinku.

Baba Ilu: Wa alaikumus salam, yaro. Abu biyu ka haɗa, mu raba su tukuna. Baƙin abin nan da ke ɗiga, lakato shi da yatsa ka shinshina. Man giya yana da warinsa mai ƙarfi na farar wuta, ba ya ɓuya. In warin fetur da hayaƙi ka ji, to ba daga giyabos ya fito ba. Injin nan ana haɗa masa fetur da mai ne kashi 24 da 1, mai yawa ke nan, kuma ba duka yake ƙonewa ba. Ragowar tana gangarowa ta hanyar hayaƙi ta gauraya da ruwa, in inji ya huta sai ta tsiyayo. Wannan ba ciwo ba ne. Farin man da ka gani a sukurun ƙasa, shi ne ciwon.

Ɗanlami: Na shinshina, Baba. Warin fetur ne da hayaƙi. To saura farin.

Injiniya Hadiza: Malam Ɗanlami, kada ka sayi komai tukuna. A ƙafar injinka akwai aƙalla wuri shida da ruwa zai iya bi: sil ɗin shaf ɗin farfela, zoben robar da ke kewaye da gidan wannan sil ɗin, sil ɗin da ke ƙarƙashin famfon ruwa a kan dogon shaf mai saukowa daga kan inji, ɗan zoben robar da sandar sa giya ke ratsawa, wasoshin sukurori biyu na zuba mai da fitar da iska, sai kuma tsagin da rabi biyu na giyabos suka haɗu. Wanda ya ce maka na bayan farfela ne, canki-canki ya yi. Yana iya dacewa, amma in bai dace ba ka ɓata aiki kuma ruwa na nan yana shiga.

Gwaji ne ke nuna wurin. Ka tsiyaye man tas. Ka ɗaure sukuru ɗaya, a ramin ɗayan ka sa bututu mai geji da ɗan famfon hannu. Ka ba shi iska kaɗan, kamar psi 5 (awon ƙarfin iska a geji), ka tsaya ka duba ko allurar geji tana sauka. Sannan ka tsoma ƙafar cikin baho na ruwa, ko ka shafa ruwan sabulu a duk wuraren da na lissafa. Inda kumfa ta tashi, nan ne. Yayin da iskar ke ciki ka riƙa juya shaf ɗin farfela da hannu, ka juya dogon shaf, ka motsa sandar giya sama da ƙasa, domin akwai sil ɗin da ke riƙe iska in yana tsaye amma ya saki da zarar shaf ya juya. Daga nan ka ƙara zuwa psi 10. A tsohon inji irin wannan ni ba na wuce nan. Kada ka kuskura ka jona masa kwamfuresa, za ta turo sil mai lafiya waje.

Malam Tanko: Abin da Injiniya ta faɗa shi ne daidai. Zan ƙara da cewa ka fara duba wasoshin sukurorin nan biyu. Sau da yawa na ga an farke ƙafa gaba ɗaya alhali washa ce ta tsage, ko ma babu ita sam, ko kuma tsohuwar ta manne a cikin ramin aka ɗora sabuwa a kanta. Biyu a jere ba sa riƙe ruwa. Haska ramin da tocila, in akwai tsohuwa ka zaƙulo ta da tsinke. Duk lokacin da ka canza mai, ka canza washa.

Alhaji Bawa: Ni dai ra'ayina daban. Inji mai shekara kusan saba'in, kamfanin da ya ƙera shi ma ya rushe tun shekarar 2000, me za ka tsaya wahalar neman sil? Ka samu giris mai ruwa-ruwa, irin wanda ake sa wa giyabos ɗin injinan gona, ka cika. Giris ba ya tsiyayewa ta sil da ya gaji. Na yi haka a wani tsohon inji nawa, har yau yana aiki.

Baba Ilu: Alhaji, ranka ya daɗe, naka injin yana da giyar gaba da baya, ko kuwa da ka ja igiya farfela ta kama juyawa?

Alhaji Bawa: Ba shi da giya, Baba. Da ya tashi sai tafiya.

Baba Ilu: To ka ga bambancin. Ƙananan injinan da ba su da giya, da yawansu tun daga masana'anta giris aka ce a sa musu, haƙora biyu ne kawai ke cin juna a ciki. Na Ɗanlami yana da gaba, da baya, da tsaye. A kan shaf ɗin farfela akwai ɗan ƙarfe mai kunnuwa da ke zamewa ya kama giyar gaba ko ta baya. Yana son mai mai gudu ya zame da sauri ya shige gurbinsa. In giris ya yi masa nauyi sai ya riƙa shiga rabi-rabi, kunnuwan su cinye, inji ya fara fita daga giya yana bugawa kamar an daki dutse. Sannan akwai bushin na tagulla da mai ke bi ta ƙananan hanyoyi ya jiƙa su. Giris ba ya kaiwa can yadda ya kamata.

Babban abin ma shi ne, giris yana hana mai fita ne, ba ya hana ruwa shiga. Ruwan zai shiga ya kwanta a ƙasa, kai kuma ba ka gani ba domin ba abin da ke ɗiga. Sai ranar da ka buɗe ka tarar da tsatsa ta ci haƙoran.

Garba Mai Taru: Amma Baba, ai akwai injin Ingila, British Seagull, da na ji an ce ruwa yana shiga giyabos ɗinsa kuma ba komai. Me ya sa shi bai lalace ba?

Injiniya Hadiza: Gaskiya ne, Malam Garba. Yawancin tsofaffin Seagull ba a yi musu sil na sosai ba, da sanin masu ƙera su. Shi ya sa ake zuba musu mai mai kauri, lamba 140, wanda ke gauraya da ruwa ya ci gaba da aiki, kuma mai injin yana duba shi yana ƙarawa a kai a kai. Haka aka tsara shi. Johnson na 1956 an tsara shi ne ya zauna a rufe ruf da mai lamba 90. Dokar wancan ba ta hau kan wannan ba.

Kuma Alhaji, batun kayan gyara bai kai yadda kake tsoro ba. OMC, kamfanin da ke ƙera injinan Johnson da Evinrude, ya rushe a ƙarshen 2000, kamfanin Bombardier ya sayi sunayen biyu a 2001, an daina ƙera Evinrude a 2020. Duk da haka akwai kamfanonin da ke yin kwatankwacin kayansu, kuma an ƙera waɗannan ƙananan injina da yawan gaske, sil iri ɗaya yana shiga ƙirar shekaru da dama. Kunshin sil na ƙafar nan ba abu ne mai wuyar samu ba.

Alhaji Bawa: Na ji hujjarku a kan mai giya. Amma ga wanda yake nesa da kayan gyara kuma dole ya fita ruwa gobe, har yanzu ina ganin giris mai ruwa-ruwa ya fi ƙafa ta bushe ba mai.

Malam Tanko: In dole ce, Alhaji, gara ya zuba man giya na jiragen ruwa ya riƙa canza shi duk dawowa har kaya su iso. Shi wannan man an yi shi ne ya jure ɗan ruwa. Abin da ke kashe giyabos shi ne a bar ruwan ya kwana a ciki mako da makonni. A ƙasashen sanyi ma ruwan yana daskarewa ya fasa ƙafar gaba ɗaya.

Ɗanlami: Jama'a na gode. Na yi gwajin kamar yadda Injiniya ta ce. Wasoshin lafiya. Bayan farfela ba kumfa ko ɗaya, ko da na juya shaf. Kumfar ta fito ta wuri biyu: ƙarƙashin famfon ruwa, da kuma inda sandar giya ta shiga, musamman in na motsa ta. A tsagin ƙasa ma akwai 'yar kumfa ƙanana a gefe ɗaya, kusa da gidan sil ɗin farfela. Yanzu me zan yi? In canza biyun sama in bar ƙasa?

Baba Ilu: A'a. Zoben sandar giya ba ya fita sai ka zare sandar, ita kuma ba ta zaruwa sai ka buɗe ƙasa. Tunda za ka buɗe, canza duka, har na bayan farfela da bai yi kumfa ba. Robar da ta kai wannan shekaru ta gama aikinta.

Ka saurara da kyau. A gefen giyabos akwai wani sukuru mai kan gicciye, daban da manyan biyu masu tsaga ɗaya na mai. Wannan ba na mai ba ne. Shi ne ƙusar da cokalin sa giya ke juyawa a kanta. Mutane da yawa suna kwance shi da nufin tsiyaye mai, cokalin ya zame a ciki, sai an farke ƙafa kafin ya koma. Kai yanzu za ka cire shi domin farkewa za ka yi, amma ka san shi, kuma shi ma yana da 'yar washarsa da ke son sabuntawa.

Ka kife ƙafar a kan abin da zai riƙe ta, ka kwance sukurorin murfin ƙasa, ka ɗan bubbuga shi da gudumar roba ya saki. Kada ka cusa sukundireba a tsakanin fuskokin biyu ka banƙara. Alminiyom ne, da ka yi masa tabo ka buɗe wa ruwa sabuwar ƙofa da ba sil ɗin da zai rufe. Kafin ka ɗaga shaf ɗin farfela ka ɗauki hoto da waya, ka ga yadda kowane abu ya zauna da fuskar da ya kalla. Ka jera su a kan tsumma mai tsabta bi da bi.

A jikin murfin akwai siririn kwari da wata doguwar roba kamar igiya ke kwance a ciki. Ita ce ke rufe tsagin. Ka cire tsohuwar, ka kankare tsohon gam har kwarin ya fito fes, ka goge da abin da ke cire maiƙo. Sabuwar robar takan zo da tsawo fiye da kima. Ka kwantar da ita ba tare da ka ja ta ba, domin in ka ja ta za ta koma daga baya ta bar gibi. Ka yanke ta da reza, yanka a miƙe, ka bar kowane baki ya ɗara ƙarshen kwarin da kamar milimita ɗaya da rabi. Wannan ɗan rarar ita ce ke matsewa a jikin zoben gidan sil in an ɗaure. Kumfar da ka gani a gefe ɗaya daga nan take, robar ta tsuke ta janye daga zoben.

Garba Mai Taru: Baba, wane gam ake shafawa? Ni silikon nake sa wa komai.

Baba Ilu: Ba a nan ba, Garba. Silikon yana da kauri, yana hana fuskokin biyu haɗuwa ƙarfe da ƙarfe, kuma a nan haɗuwar ce ke riƙe bushin da boris a mazauninsu. Wanda ya matso ta ciki kuma yakan gutsure ya bi mai ya toshe hanya. Masu gyaran waɗannan injina 3M 847 suka fi amfani da shi, gam ne na roba da mai ba ya narkar da shi. A shafa siriri a kwarin, a fuskokin, a bakin robar nan biyu, da zaren sukurori. Yana saurin bushewa, don haka ka shirya komai a gabanka kafin ka buɗe shi. In ka rufe, ka fara ɗaure sukurorin da hannu duka, sannan ka bi su kaɗan-kaɗan kana tsallakawa daga gefe zuwa gefe.

Garba Mai Taru: Na sa silikon a nawa kuma bai yi yoyo ba.

Injiniya Hadiza: Naka wane iri ne, Malam Garba?

Garba Mai Taru: Yamaha 15, ba tsoho can ba.

Injiniya Hadiza: To naka ƙafar guda ce, ba ta rabuwa biyu. Komai ta baya yake fitowa, da gidan boris ɗin da ke bayan farfela. Zoben roba ne ke riƙe ruwan a nan, silikon ɗin da ka shafa bai yi aikin komai ba, zoben ne ya yi. Sannan a irin naka sil biyu ne a kan shaf ɗin farfela. A wasu injina ana sa su baya da baya, ɗaya na tsare mai ɗaya na tsare ruwa, a wasu kuma fuska ɗaya suke kallo. Ka duba yadda tsofaffin suka zauna kafin ka fitar da su, ko ka bi littafin injin, ka cika tsakaninsu da giris. Masu kamun kifi irinka kuma, ku riƙa cire farfela kuna dubawa. Zaren fatsa da na taru yana naɗewa a bayanta, zafi ya narkar da shi ya zama kamar zobe mai kaifi, ya yanke leɓen sil. A injinan da ke aiki kullum wannan ne kan gaba wajen kashe sil ɗin farfela.

Ɗanlami: Na buɗe. Haƙoran giya ba tsatsa, alhamdu lillahi. Amma dogon shaf, daidai inda sil ɗin ƙarƙashin famfo ke kama shi, ya yi zobe. In na bi da farce ina jin yana maƙalewa. Sabon sil zai riƙe a haka?

Injiniya Hadiza: Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci a aikin nan, kuma ita ce aka fi tsallakewa. Sil rabin rufin ne kawai, ɗaya rabin fuskar shaf ce. In farce yana maƙalewa, sabon sil zai riƙe na ɗan lokaci ne sannan ya saki, a ce sil ɗin jabu ne alhali shaf ne ya ci shi. Wurin nan yana shan wahala domin yashin da famfo ke ja yana taruwa a kan leɓen sil yana gurzar ƙarfen shekara da shekaru.

Hanya uku ce. In zoben siriri ne kuma gidan sil yana da sarari, ka zaunar da sabon sil ɗin ya ɗan fi tsohon zurfi ko ya ɗan gaza shi, ko da milimita ɗaya ne, leɓen ya hau kan lafiyayyen ƙarfe. In ba sarari, akwai siririn hannun riga na ƙarfe marar tsatsa da ake sanya wa shaf, kamfanin SKF na yin sa da sunan Speedi-Sleeve, ana zaɓarsa da awon kaurin shaf kuma sil ɗin asali yana hawa kansa. In kuwa tsatsa ta yi ramuka a wurin, ka nemi wani shaf daga mataccen inji irinsa. Kada ka bi zoben da samfefa mai kaushi kana son ka shafe shi, rage kaurin shaf kawai za ka yi. Mai laushi sosai, da ɗan mai, a kewaye ba a tsaye ba, don a kashe kaifin bakin zoben kaɗai.

Malam Tanko: Ƙarin bayani a kan sil ɗin kansa. In ba ka samu na injin ba ka je wurin masu sayar da boris da awo uku, wato faɗin ciki, faɗin waje da kauri, za ka iya samun wanda ya shiga. Amma ka ɗaga leɓen ka duba ɗan sifirin da ke ciki. Na mota da na injinan masana'anta galibi baƙin ƙarfe ne, ruwa yana cinye shi, leɓen ya saki. Ka nemi mai sifirin marar tsatsa. Wajen bugawa kuma ka sami soket da ya yi daidai da bakin waje na sil, ka shafa ɗan gam a bayansa, ka buga shi a miƙe. Kafin ka zura shaf ka naɗe haƙoransa da gurbin makullin famfo da salatif, ka shafa mai, don kada su yanki sabon leɓe tun bai fara aiki ba.

Baba Ilu: Zoben sandar giya yana ƙarƙashin wani ɗan bushin na tagulla da aka buga a ramin. Sai bushin ya fita za ka kai gare shi. Ana turo shi ta ciki da siririn ƙarfe, ko a yi masa zare a ɗaura dogon sukuru a jawo shi. Ka yi a hankali. Ka duba sandar ma, in ta yi kaushi inda take gogar zoben ka goge ta ta yi santsi. Kuma tunda famfon ruwa yana hannunka, sa sabuwar robar famfo. Ba a mayar da tsohuwa.

Alhaji Bawa: To in ya gama, wane mai zai zuba? Kowane man giya?

Injiniya Hadiza: Na jiragen ruwa, 80W-90, ya ishe shi. Inda ake kuskure shi ne Johnson da Evinrude masu sa giya da lantarki, na tsakanin 1962 da 1972. Su suna da nasu mai na musamman da ake kira Type C, in an zuba musu wani giyar ba ta kamawa daidai. Na 1956 da hannu ake sa masa giya, wannan bai shafe shi ba. Zubawa kuma daga ramin ƙasa ake yi, inji a tsaye, ana matsawa har mai ya ɓullo ta ramin sama ba kumfa. A ɗaure na sama tukuna, sannan a zare bututu a yi maza a ɗaure na ƙasa. In ta sama ka zuba, iska za ta tare shi ka ɗauka ya cika alhali rabi ne.

Ɗanlami: Na haɗa komai. Sil ɗin sama na zaunar da shi ya ɗan sauka ƙasa da zoben, akwai sarari. Na bar gam ya kwana, na sake ba shi iska psi 10, ina juya shaf biyun ina motsa sanda, allura ba ta motsa ba. In zuba mai?

Injiniya Hadiza: Madalla. Saura gwaji ɗaya in kana da famfon da ke zuƙe iska. Turin iska yana nuna maka ko mai zai fita ne, zuƙa ita ke nuna ko ruwa zai shiga, kuma sil mai leɓe ɗaya yana iya cin wancan ya faɗi wannan. Giyabos yana ɗumi in yana aiki, da ka kashe inji a cikin ruwa sai ya huce, iskar ciki ta tsuke ta jawo ruwa ta duk inda ya samu. Ka zuƙe kaɗan, kamar inci 5 a gejin, ka juya shaf ka ga ko zai tsaya. In ba ka da famfon, zuba mai ka fita na awa ɗaya ko biyu, ka bar injin a tsaye ya kwana, da safe ka sassauta sukurun ƙasa kaɗan ka duba ɗigon farko. Ruwa ya fi mai nauyi, in akwai shi, shi zai riga fitowa.

Baba Ilu: Ka sake duban nan bayan fita ta biyu da ta uku, yaro, saboda sil ɗin da ka matsar daga zoben. In man ya fara sauya launi, hannun rigar ƙarfen nan da Injiniya ta ambata za ka nema, kuma famfo kawai za ka cire a wannan karon, ba sai ka sake taɓa murfin ƙasa ba.